Jirgin Sama Mai Linzami

Bayan girbi kara ba ya wuya a Kance. Manya suna ɗibarsa su gyara darni da rumfa. Yara ma suna da nasu rabo. Sukan feƙe ɓawon kara, su fid da totuwa, su nemo ƙaya ta zama ƙusa. Da haka suke ƙera mota da babur da jirgin sama. Jirgin kara yana da fukafukai, yana da wutsiya, har da farfela mai juyawa in an yi gudu da shi. Abu ɗaya ya rage masa: ba ya tashi. In an jefa shi sai ya kife ya faɗo.

A wasu ƙasashe akwai wani ƙaramin jirgin wasa wanda yake tashi sosai. Ba kowa a cikinsa. Mai shi yana tsaye a ƙasa yana sarrafa shi da wayoyi biyu, kamar yadda mahayi yake sarrafa doki da linzami. Har gasa ake yi da shi. Wanda ya gane yadda wannan jirgi yake aiki, ya gane abin da ke ɗauke da babban jirgin da ke sauka a Damagaram ko a Yamai. Dokar iska ɗaya ce ga babba da ƙarami.

Kamannin jirgin

Daga bakin fiffike zuwa bakin ɗaya fiffiken, jirgin gasa yakan kai metir ɗaya da rabi. Nauyinsa bai cika kai kilo 2 ba. Ana yinsa da icen balsa, wani itace da ke tsirowa a Amurka ta Kudu, musamman a ƙasar Ekwado. Balsa ba shi da nauyi, kusan kamar totuwa yake, kuma wuƙa tana yanka shi da sauƙi. Mai ƙira ba ya cika cikin fiffike da itace. Yakan jera siraran katakai kamar haƙarƙari, sa'an nan ya lulluɓe su da takarda ko siliki ko leda, ya shafa fenti. Aikin jirgi ɗaya yakan ci watanni.

A hancin jirgin akwai ɗan inji wanda bai fi dunƙulen hannun yaro ba. Shi ke juya farfela. Ba man mota yake sha ba. Ana haɗa masa wani alkol mai guba, mai suna metanol, da man zurma. Zurmar nan dai da ke fitowa a gefen bola. Manta ba ya tsinkewa ko inji ya yi zafi, saboda haka yana hana ƙarfe cin ƙarfe. A tsofaffin injuna, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake zubawa man zurma ne. A yau jirage da yawa sun koma aiki da batir.

Me ke ɗaga shi?

Iska ba a ganinta, amma tana da ƙarfi. Yarinyar da aka aika da faifai ranar iskar hunturu ta san haka. In ta riƙe faifan a kwance, iska ta wuce ta samansa da ƙasansa ba ta dame shi ba. In ta ɗaga bakinsa na gaba kaɗan, sai iska ta nemi fizge shi sama.

Haka fiffike yake. Farfela tana tura iska baya, jirgi ya yi gaba. Fiffike ya tari iskar a ɗan karkace, ya kora ta ƙasa, ita kuma ta tura shi sama.

Ƙarfi huɗu ne suke kokawa a kan kowane jirgi. Nauyi yana jansa ƙasa. Fiffike yana ɗaga shi sama. Farfela tana jansa gaba. Iska tana turje masa. In ɗagawa ta yi daidai da nauyi, jirgi ya tafi a miƙe. In gudu ya ragu ƙwarai, ɗagawa ta kasa, jirgi ya faɗo. Jirgin kara yana faɗowa don fukafukansa ba su da faɗin da za su tari iska, kuma nauyinsa ba ya inda ya kamata.

Yadda linzamin yake aiki

Matuƙi yana riƙe da mariƙi a hannu ɗaya. Wayoyi biyu na ƙarfe suna fita daga mariƙin, ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa. Kaurin kowace bai kai rabin milimetir ba. Tsawonsu a gasar duniya daga metir 15 ne zuwa metir 21,5.

Wayoyin suna shiga ta bakin fiffiken hagu, su tafi tsakiyar jirgi. A can an ɗaura su a wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, wanda ke juyawa a kan ƙusa guda. Daga wannan ƙarfe wani tsinke ya tafi wutsiya. A ƙarshen wutsiya akwai wani ɓangare mai motsi sama da ƙasa, kamar ƙyauren da aka kwantar. Wannan shi ne ƙyauren wutsiya.

In matuƙi ya lanƙwasa hannu baya, wayar sama ta ja, ƙyauren wutsiya ya tashi. Iska ta danna wutsiya ƙasa, hancin jirgi ya ɗaga, jirgi ya hau. In ya lanƙwasa hannu gaba, wayar ƙasa ta ja, ƙyauren ya sauka, jirgi ya sunkuya. Iyakar umurnin da ake iya ba shi ke nan: hau ko sauka. Ba birki, ba juyawa dama. Babban jirgin da ke kai alhazai Makka ma yana da irin wannan ƙyaure a wutsiyarsa, kuma aikinsu ɗaya.

Tun da yake a ɗaure yake, jirgin ba ya iya nisa kuma ba ya iya matsowa. A ɗauka an kife wata babbar ƙwarya a kan fili, matuƙi yana tsaye a ƙarƙashinta, a tsakiya. Jirgin yana yawo a jikin ƙwaryar ne kawai. Yana iya bin bakinta, yana iya hawa gefenta, yana iya ratsawa ta ƙoƙonta, daidai bisa kan matuƙi.

Darasin majajjawa

Yaron da ke korar tsuntsaye a gona ya san majajjawa. In yana kaɗa ta da sauri, igiya ta miƙe, dutse yana jan hannunsa. In ya rage sauri, igiya ta saki, dutse ya faɗo. Dutsen so yake ya tafi a miƙe, igiya ce take tilasta masa kewaye.

Rayuwar jirgi mai linzami tana ga wannan ja. Muddin wayoyi suna a miƙe, jirgi yana jin umurni. Da zarar sun saki, ko me matuƙi ya yi da hannunsa ba ya isa wutsiya. Jirgi ya zama doki marar linzami.

Ana iya lissafa gudunsa. In tsawon waya metir 20 ne, kewaye ɗaya shi ne 2 × 3,14 × 20, wato metir 125,6. Jirgin gasa yakan yi kewaye ɗaya cikin sakan 5 ko sama kaɗan. Ke nan yana cin wajen metir 25 a sakan, wato kilometir 90 a awa. A wannan gudu yana jan hannun matuƙi da ƙarfin da ya kai nauyinsa sau uku.

Masu ƙira suna da dabarun ƙara wannan ja. Sukan sa ɗan nauyi a bakin fiffiken dama, don ya rama nauyin wayoyin da ke hagu. Sukan kuma karkata inji kaɗan zuwa waje. Matuƙi shi ma yana lura da iska. Duk wani juyi mai wuya yana yinsa ne iska tana bayansa, don ta tura jirgi nesa da shi, wayoyi su ƙara miƙewa.

Daga ina wasan ya fito?

A 1899 wasu ƴan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke, suka yi wani abu mai fukafukai biyu, faɗinsa metir ɗaya da rabi. Ba shi da inji. Iska ce ta ɗaga shi, ana sarrafa shi daga ƙasa da igiyoyi. Da shi suka gwada dabararsu ta karkata jirgi. A 1903 suka tashi da jirgi mai inji. Tashin farko sakan 12 ne, nisansa metir 36. Bayan shekara 22, a 1925, jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

Da jirage suka yawaita, yara da manya suka shiga ƙera ƙananansu. Amma in an sa wa ƙaramin jirgi inji an sake shi, sai ya tafi inda iska ta ga dama. Da yawa suna ɓata. Tun kafin 1940 wani mutum mai suna Oba St. Clair, a jihar Oregon ta Amurka, ya ɗaura wa jirginsa wayoyi yana sarrafa shi. A 1940 Jim Walker, shi ma a Oregon, ya fara sayar da jirgi mai wayoyi biyu mai suna Fireball. Shi ne ya yaɗa wasan, har mutane suka ɗauka shi ya fara. A 1955 magana ta je kotu, aka tabbatar St. Clair ya riga shi.

Ƙungiyar da ke kula da wasannin sama ta duniya, wadda ake kira FAI, an kafa ta a Faris a 1905. Ita ta shirya gasar duniya ta farko ta jirage masu linzami a Budapest, ƙasar Hungari, a 1960. A yau gasar iri huɗu ce. Akwai ta gudu, inda wasu suka wuce kilometir 300 a awa. Akwai ta tsere, inda matuƙa uku suke tsayawa a tsakiya ɗaya su yi kewaye 100, wato kilometir 10. Akwai ta faɗa, inda ake ɗaura wa jirage biyu dogon ƙyalle na takarda, kowa yana neman yanke na abokin karawarsa da farfela. Ta huɗu ita ce ta gwaninta.

Ranar gasar gwaninta

Kafin a tashi, alƙalai suna gwada wayoyi. Ana jansu da ƙarfin da ya kai nauyin jirgin sau goma. Wayar da za ta tsinke gara ta tsinke a ƙasa.

Sa'an nan matuƙi ya ta da inji. Mataimakinsa ya riƙe wutsiya, shi kuma ya ruga tsakiyar fili ya ɗauki mariƙi. Ya ɗaga hannu, mataimaki ya saki. Tun daga ta da inji har sauka, minti 7 kawai yake da su.

Ba abin da ya ga dama yake yi ba. Akwai jerin zane-zane da kowa zai zana a sama, ɗaya bayan ɗaya. Zai ratsa ta bisa kansa. Zai yi zobe uku. Zai kifar da jirgi ya yi kewaye ciki yana kallon sama. Zai yi zobe uku ta baya. Zai zana mai kusurwa huɗu da mai kusurwa uku. Zai rubuta lamba 8 a kwance, da a tsaye, da bisa kansa. Akwai wani zane mai siffar kalangu, ƙugu siriri, sama da ƙasa da faɗi. Na ƙarshe kamar ganye huɗu ne a reshe ɗaya. Alƙalai suna ba kowane zane maki har zuwa 10, a ninka gwargwadon wuyarsa.

Gindin yawancin zane-zanen dole ya tsaya metir ɗaya da rabi daga ƙasa. A nan ake gane gwani. In jirgi yana gangarowa kai tsaye, metir ɗaya da rabi ba ya ɗaukarsa ko kashi ɗaya cikin goma na sakan. In matuƙi ya juya da wuri, ya rasa maki. In ya makara, aikin watanni ya zama tsinke-tsinke.

Tafiya a kife ita ma tarko ce. In jirgi ya kife, umurni ya juya. Hannun da ke sa shi hawa, yanzu ƙasa yake kai shi. Masu koyo da yawa a nan suke fasa jirginsu na farko. An yi fiffiken jirgin gwaninta da tudu iri ɗaya sama da ƙasa, don ya tashi a kife kamar yadda yake tashi a daidai.

Sai maganar mai. Injin ba a rage masa wuta daga ƙasa. Yana aiki har mai ya ƙare. Saboda haka ana auna man da zai kai wajen minti 6. In ya yi kaɗan, inji ya mutu a tsakiyar zane, wayoyi su saki. In ya yi yawa, lokaci ya wuce, makin sauka ya tafi. A duk wannan lokaci matuƙi yana juyawa a wuri ɗaya fiye da sau 50. Sabon shiga yakan yi jiri kamar mai wasan hajijiya. Maganinsa shi ne ya kafa ido a kan jirgi, ya manta da itatuwa da mutanen da ke wucewa a bayansa.

Louis Grondal na Beljiyam ne ya ci gasar gwaninta ta 1960. Han Xinping na ƙasar Sin ya ci sau da yawa daga 1994. Bill Werwage na Amurka ya ci a 1970 da 1972, sa'an nan ya sake ci a 2004, shekara 34 bayan cinsa na farko. Wannan wasa ba na ƙarfi ba ne. Na ido ne, da hannu, da yawan maimaitawa.

Gasar tsofaffin jirage

A shekarun 1950 jirgi mai linzami ya cika filayen lakwal a Amurka da Turai. Daga shekarun 1970 jirgin da ake sarrafawa da rediyo ya yi araha, mutane da yawa suka koma gare shi. Yau kuma ga ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto.

Amma waɗanda suka yi wasan suna yara ba su yar da shi ba. Suka ƙirƙiro gasar tsofaffin jirage. A rukuni ɗaya ba a shiga sai da jirgin da aka zana kafin 1953. A wani rukunin, sai wanda aka zana kafin 1970. Ba dole jirgin ya zama tsoho ba. Ana iya ƙera sabo, amma sai an bi tsohon zane, ba a sake masa siffa. Tun 1989 akwai babban taro na irin wannan gasa a Amurka, an daɗe ana yinsa a garin Tucson na jihar Arizona.

A irin wannan taro ana ganin Ringmaster, jirgi mai sauƙin ƙira wanda yara masu ɗimbin yawa suka koya da shi. Ana ganin Nobler, wanda George Aldrich ya zana a farkon shekarun 1950, ya zama abin koyi ga jiragen gwaninta na bayansa. Ana jin ƙarar inji Fox 35, wanda aka yi fiye da shekara 50 ana ƙera shi kusan ba canji.

Abin da dattawan suke tunawa ba kofi ba ne kaɗai. Suna tuna warin man zurma da ya ƙone. Suna nuna tabon farfela a yatsa. Suna tuna ranar da aka tsince gutsattsarin jirgi a buhu, aka kwana ana liƙawa. Suna tuna uba ko wa, wanda ya riƙe musu wutsiya ran tashin farko. Da yawa suna zuwa da jikoki. Mai koyo ya riƙe mariƙi, dattijo ya ɗora hannunsa a kan nasa, su juya tare har hannun yaro ya gane. Haka ɗan maƙeri yake koyon ƙira a Kance, haka ɗan masaƙi yake koyon saƙa. Zanen da ke takarda yana iya shekara ɗari a ajiye. Abin da hannu ya sani kuwa, in ba a miƙa shi ga wani ba, yana tafiya da mai shi.

A yi hattara

Babban abokin gabar wannan wasa shi ne wayar lantarki. Wayar jirgi ƙarfe ce. In ta taɓa wayar lantarki, ko ta matsa kusa da babbar waya, wuta tana bi ta kai ga matuƙi. An yi asarar rayuka ta haka. Ba a wasan kusa da turakun lantarki, ba a yinsa in hadari ya haɗu. Ƴan kallo suna tsayawa wajen kewaye. Matuƙi yana ɗaure mariƙi a wuyan hannunsa, don ko ya suɓuce kada jirgi ya faɗa cikin mutane. Rigakafi ya fi magani.

Aikin hannu: jirgin kara mai zare

Ba sai da inji ba. Ƴan lakwal suna iya gwada dokar iska da abin da ke hannu.

1. A sami kara miƙaƙƙe, busasshe, mai tsawon santimetir 40. Shi ne jikin jirgi.
2. A yanka kwali marar nauyi, tsawo santimetir 50, faɗi santimetir 10. Shi ne fiffike. A ɗaure shi a kan kara, santimetir 10 daga hanci.
3. A yanka wani kwali, santimetir 18 da santimetir 6, a ɗaure shi a kwance a ƙarshen kara. A tsayar da wani ƙarami a kansa.
4. A soka ƙusa a hanci. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu, ƙarƙashin fiffike, santimetir 3 daga bakinsa na gaba. In wutsiya ta rinjaya, a ƙara nauyi a hanci. In hanci ya rinjaya, a rage. Kada a wuce wannan mataki sai jirgi ya tsaya daidai.
5. A ɗaura zare mai ƙarfi a jikin kara, daidai wurin da jirgin ya tsaya, a zura shi ta huda a bakin fiffiken hagu. Tsawonsa metir 3. A ɗaura ɗaya bakin a kan sanda.
6. A je fili, nesa da wayoyi da mutane. A riƙe sanda, a juya ta hagu, a hankali tukuna, sa'an nan da sauri.

In jirgi ya ƙi hawa, a lanƙwasa bakin wutsiya na baya sama kaɗan. In yana ɗaga hanci yana faɗowa, a mai da shi ƙasa kaɗan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, kuma a rubuta abin da ya faru a littafi. Jirgin farko ba lalle ya tashi ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙarfi huɗu ne suke kokawa a kan jirgi?
2. Me ke faruwa in ƙyauren wutsiya ya tashi?
3. Don me matuƙi yake son iska ta kasance a bayansa?
4. Me ya sa tafiya a kife take da wuya?
5. Wace sana'a ce a garinku ake koyonta hannu da hannu? Wa ke koyar da ita yau?

Lissafi

1. A gasar tsere tsawon waya metir 15,92 ne. Ku nemo tsawon kewaye ɗaya. Kewaye nawa ne kilometir 1?
2. Daga ƙafar mai juyawa zuwa jirgin kara metir 4 ne. Jirgin ya yi kewaye 10 cikin sakan 30. Metir nawa yake ci a sakan ɗaya?